Yadda ake ƙirga kason ƙwayar sikila a cikin al'umma, da yadda ake gane ko yana sauyawa

Tambaya ɗaya ce take ta dawowa daga ɗaliban gwaje-gwajen asibiti da na kiwon lafiyar al'umma a Sinnar da Gadarif da Wad Madani: an ba ni binciken kammala karatu a kan sikila a garinmu, na tara sakamakon AA da AS da SS, to daga nan kuma fa? Wasu ma sun riga sun rubuta cewa "sikila tana raguwa" ko "tana ƙaruwa" kafin su taɓa kalkuleta. Lissafin bai fi na minti goma ba. Wahalar tana wajen sanin su wa ka ƙirga, da kuma sanin abin da lambar za ta iya faɗa da abin da ba za ta iya ba.

Abin da za ka riƙe kafin a fara kaɗan ne. Kowane mutum yana ɗauke da kwafi biyu na ƙwayar gadon da ke gina sinadarin himogulobin, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Kowane nau'i na wannan ƙwaya, A (na lafiya) ko S (na sikila) ko C (wani nau'in daban), shi ake kira alil, haɗin biyun da mutum ya gada kuma, kamar AA ko AS ko SS, shi ne jinsin jininsa. Kason alil shi ne rabon da nau'i ɗaya yake da shi a cikin dukkan kwafin da al'umma ke ɗauke da su, kuma sauyawar wannan kaso daga zuriya zuwa zuriya ita ce juyin halitta a ma'aunin da ake iya gani da lamba.

1. Yanke iyakar al'ummar

Rubuta a layi ɗaya su wane ne kake nufi. "Hausawan Sudan" ya yi faɗi, ba za ka iya auna shi ba. "Mutanen da aka haifa a Mai Wurno, masu shekara 18 zuwa 45, da ke zaune a garin yanzu" abu ne da ake iya aunawa. A fom ɗinka ka sa gurbin shekaru, garin haihuwa, asalin uwa da na uba, da ko iyayen 'yan uwan juna ne, da kusancin zumuncin. Waɗannan tambayoyi huɗu su ne za su cece ka a mataki na 7.

Hattara: kada ka ɗebi samfuri a asibiti ka ce na gari ne. Mai SS ya fi kowa zuwa asibiti, don haka kason S zai kumbura. Masu ba da gudummawar jini kuma akasin haka ne, an riga an tace marasa lafiya daga cikinsu. A Gadarif akwai ƙarin tarko: lokacin yankan riɗi da dawa gari yana cika da 'yan ƙwadago daga wasu yankuna da kuma Habasha. Ko dai ka kauce wa wannan lokaci, ko ka ware su da tambayar garin haihuwa.

2. Izini da yardar mutane

Takardar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arka da ta ma'aikatar lafiya ta jiha su ne farko. Bayan su sai masu gari: sarki ko umda ko mai unguwa, da limamai. Kowane mutum ya sa hannu ko ya dangwala yatsa bayan an yi masa bayani da harshen da yake ji. A kan kwalba lamba kawai za a rubuta, littafin da ya haɗa lamba da suna kuma yana hannun mutum ɗaya. Sakamakon AS da ya fita bakin duniya yana iya ɓata maganar auren yarinya a unguwar da kowa ya san kowa, kuma ba ka da hanyar gyara wannan.

3. Mutum nawa, kuma ta yaya

Yawan da kake buƙata ya danganta da kuskuren da za ka iya haƙura da shi. Ga ƙa'idar:

N = 3.84 × p × q ÷ (2 × d × d)

A nan N shi ne yawan mutanen, q shi ne kason S da kake zato, p shi ne 1 a cire q, d kuma shi ne faɗin kuskuren da ka yarda da shi. Idan kana zaton q ya kai 0.10, kuma ka yarda da kuskuren 0.02 sama ko ƙasa, kana buƙatar mutum 432. Idan kana so ka matse kuskuren zuwa 0.01, adadin ya haura zuwa 1,728. Rage kuskure da rabi yana ninka aiki sau huɗu, shi ya sa binciken ɗalibi mai mutum 60 ba zai iya faɗin komai a kan sauyi ba, komai kyawun rubutunsa.

Wajen zaɓe, samo jerin gidajen unguwa, ka ɗauki kowane gida na biyar ko na goma, kuma mutum ɗaya tak a kowane gida, wanda ƙuri'a ta faɗa kansa.

Hattara: mai gida zai ce ga 'ya'yana bakwai, a gwada su duka. Gwada su idan kana da kaya, alheri ne, amma ɗaya kawai zai shiga lissafi. Wa da ƙani suna tarayya a rabin ƙwayoyin gadonsu, don haka ƙirga su duka kamar ƙirga kwafin iyayensu ne sau da yawa.

4. Ɗibar jini da gwaji

Kayan aiki: kwalbar EDTA mai murfi ruwan shuni, sirinji, safar hannu, auduga da sifirit, akwatin zubar da allura, akwatin sanyi da ƙanƙara, alƙalamin da ruwa ba ya goge shi. Mililita 2 na jini ya isa. Juya kwalbar a hankali sau takwas zuwa goma don jinin ya haɗu da maganin hana daskarewa, kada ka girgiza ta. Ajiye tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma ka yi gwajin cikin mako guda. Kwalba kada ta taɓa ƙanƙara kai tsaye, sa kwali a tsakani, domin jinin da ya daskare ƙwayoyinsa fashewa suke yi. Wanda ya kwana cikin zafi kuma layukansa na kan takardar gwaji sukan fito a dame.

Tambayi kowa ko an yi masa ƙarin jini a cikin wata uku zuwa huɗu da suka wuce. Jan ƙwayar jini tana rayuwa kusan kwana 120, don haka mai SS da aka ƙara wa jinin AA zai fito maka a matsayin AS. Cire shi daga jerin, ko ka jira.

Gwaje-gwajen ba darajarsu ɗaya ba. Mafi araha shi ne na gilashin madubin likita: ɗigon jini a haɗa da ruwan sodiyam metabaisalfait mai ƙarfin kashi 2 cikin 100, wanda aka haɗa a ranar, a rufe gefen gilashin da basilin don iska kada ta shiga. Wannan gwaji, da ɗan uwansa na narkewa a cikin bututu, suna gaya maka akwai S ko babu, amma ba sa raba AS da SS. Ba za ka iya ƙirga alil da su ba. A jariri ɗan ƙasa da wata shida ma suna iya cewa babu alhali akwai, saboda himogulobin F na jarirai ya rinjaya.

Abin da ke raba jinsin jini shi ne ilektiroforesis, wato amfani da wutar lantarki a ware nau'o'in himogulobin layi-layi, a kan takardar selulos asitet, a ruwa mai pH (ma'aunin tsami) 8.4 zuwa 8.6. A wanke jajayen ƙwayoyi sau uku da ruwan gishiri mai kashi 0.9, a fasa su, a ɗora a takarda tare da samfurin shaida mai ɗauke da A da F da S da C. Duk takardar da ba ta da samfurin shaida a kanta, yar da sakamakonta. A ne yake yin nisa zuwa ɓangaren wuta mai alamar tarawa, sai F, sai S, C ne a baya. A mai AS layin A ya fi na S kauri. Idan ka ga S ya fi A kauri, ko dai ƙarin jini ne, ko S ne haɗe da wani nau'in talasimiya, cutar gado da ke rage yawan himogulobin da jiki ke ginawa.

Hattara: a wannan pH, himogulobin D da G suna tsayawa daidai inda S yake tsayawa, E da O-Arab kuma suna tsayawa wurin C, kuma an samu O-Arab a Sudan. Saboda haka duk layin da ya fito a gurbin S ka tabbatar da shi da gwajin narkewa, domin D da G ba sa amsawa. Haka nan S haɗe da talasimiyar da ba ta barin A ko kaɗan kamarsa ɗaya da SS a takarda, sai injin HPLC, mai auna yawan kowane nau'in himogulobin, da ƙirgar jini ko gwajin iyaye ne za su raba su.

Inda wuta ba ta tsayawa, katunan gwajin nan take irin su HemoTypeSC da Sickle SCAN suna raba A da S da C da ɗigon jinin yatsa, ba sa buƙatar firiji ko lantarki wajen aiki. Ba sa ganin talasimiya, amma ga ƙirgar S a ƙauye sun fi jinin da ya yini a bayan mota.

Batun kuɗi: kasa shi uku, kayan ɗiba, kuɗin gwaji, da sufuri da sanyi. Gwaji ne yake cin kaso mafi girma, HPLC ne mafi tsada, ilektiroforesis a tsakiya. Ƙara kashi 10 cikin 100 a kan adadin samfuranka domin waɗanda za a maimaita. Farashi a fam ɗin Sudan ba ya zama wuri ɗaya, don haka ka karɓi farashin ɗakin gwaji a rubuce da ranar ƙarewarsa, kuma ka sayi kayan da ba sa lalacewa gaba ɗaya tun farko.

5. Ƙirga alil

Lambobin da ke tafe misali ne na koyarwa, ba sakamakon wani gari ba ne. A ce ka gwada manya 500, ka samu AA 389, AS 110, SS 1.

Kwafi duka: 500 × 2 = 1,000.
Kwafin S: 110 daga masu AS, da 2 daga mai SS, 112 ke nan.
q = 112 ÷ 1,000 = 0.112, p kuma 0.888.

Kuskuren da ya fi yawa a rahotannin ɗalibai yana nan. Masu AS kashi 22 cikin 100 ne na mutane, amma kason S 0.112 ne, kusan rabin wancan. Wanda ya ɗauki 0.22 a matsayin q, ya ninka shi da kansa, zai sanar da cewa jarirai 48 cikin dubu za a haifa da sikila, alhali lissafin daidai bai kai 13 ba.

Idan ka ci karo da AC ko SC, kada ka jefa su cikin AA ko SS don sauƙi. Ba C nasa gurbin, ka ƙirga shi yadda ka ƙirga S, kuma ka duba cewa kason ukun sun haɗu sun ba da 1.

Sannan ka sa wa lambar iyaka. Ninka p da q, raba da yawan kwafi, danna maɓallin √. A misalinmu 0.888 × 0.112 ÷ 1,000 ya ba da 0.0000995, √ ɗinsa kuma 0.010. Ninka da 1.96, ka cire ka kuma tara: kason gaskiya yana tsakanin 0.092 da 0.132. Kada ka taɓa rubuta q shi kaɗai ba tare da wannan tazara ba.

6. Gwada shi da ma'aunin Hardy da Weinberg

Ƙa'idar da waɗannan mutane biyu suka fitar a 1908 tana cewa idan al'umma babba ce, aure ba ya bin jinsin jini ko zumunci, babu masu shigowa, kuma babu jinsin da ya fi wani rayuwa, to AA zai zama p × p, AS zai zama 2 × p × q, SS kuma q × q. Babu garin da ya cika waɗannan sharuɗɗa. Amfaninta shi ne ta ba ka abin da za ka jingina lambobinka da shi ka ga inda suka karkace.

Ninka kowanne da 500. Abin da ake tsammani: AA 394.27, AS 99.46, SS 6.27. Ga kowane jinsi, cire abin tsammani daga abin da ka samu, ninka bambancin da kansa, raba da abin tsammani. AA ya ba da 0.07, AS 1.12, SS 4.43. Jimla 5.62. Wannan shi ne gwajin kai-sukwaya, kuma ga alil biyu iyakarsa 3.84 ce. Tunda 5.62 ya wuce ta, karkatar ta fi ƙarfin a ce sa'a ce kawai. Ga alil uku iyakar 7.81 ce.

Hattara: littattafan lissafi za su sa ka ɗauki iyakar 5.99 saboda jinsi uku ne. A nan ba haka ba ne, domin daga cikin samfurin ka ciro q. Kuma idan abin tsammani na SS ya gaza 5, wannan gwaji ba abin dogaro ba ne, sai ka koma gwajin da ake kira na daidai-wa-daida, wanda ake yi a manhajar R.

7. Karanta karkatar

Nan ne ake bambanta wanda ya fahimci aikin da wanda ya kwafi ƙa'ida. Bi dalilan a wannan jeri, kada ka tsallake zuwa na ƙarshe don shi ne mai daɗin rubutawa.

Fara da zargin ɗakin gwaji. Zaɓi samfuri ɗaya cikin goma, ka ba wani ya sake gwadawa ba tare da ya ga sakamakon farko ba. Mutum biyu ko uku masu SS da aka karanta AS sun isa su sa lissafin misalinmu ya wuce iyakar 3.84.

Sai ka dubi wane ɓangare ta karkata. Idan AS ya gaza abin tsammani, SS kuma ya haura, abu biyu ne suka fi jawo shi. Na farko auren zumunci. 'Ya'yan ɗan wa da 'yar ƙani suna da ma'aunin zumunci F na 1 cikin 16, wato 0.0625, kuma rabon SS ya koma q × q a tara da F × p × q. Da q na 0.112, auren bare yana ba da jarirai masu SS kusan 12.5 cikin dubu. Idan aure 40 cikin 100 na 'yan wa da ƙani ne, matsakaicin F ya zama 0.025, adadin ya hau 15. Lura da kyau: auren zumunci bai ƙara kason S ko da ɗigo ba, kwafin da ke nan ne ya haɗa su wuri ɗaya. Na biyu shi ne gauraya al'ummu biyu a samfuri ɗaya. Ɗauki rukuni biyu masu yawa ɗaya, ɗaya q ɗinsa 0.16 ɗaya 0.04, kowanne yana aure a cikinsa. Idan ka haɗa su za ka samu q na 0.10, ka yi tsammanin SS 10 cikin dubu, alhali 13.6 ne. A ƙasar da aka daɗe da sanin cewa sikila ta fi yawa a yamma, musamman a tsakanin Misiriyya na Kurdufan, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai ɗibar samfuri a unguwar da ta tara ƙabilu. Raba lissafin bisa asalin iyaye, ka ga ko karkatar ta ɓace.

Idan kuwa SS ne ya gaza, AS ya ɗan haura, kamar a misalinmu, kuma samfurin na manya ne, to mai yiwuwa sawun zaɓin yanayi kake gani, wato wani jinsi ya fi wani rayuwa da haihuwa: yaran SS da yawa ba su kai girma ba, masu AS kuma sun fi masu AA tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a 1954 daga aikinsa a Gabashin Afirka. Waɗannan ƙarfi biyu suna jan S ta ɓangarori biyu. Idan asarar AA a gaban AS ita ce s, ta SS kuma t, kason yana tsayawa a s ÷ (s + t). Da s na 0.12 da t na 0.9, zai zauna kusa da 0.118.

Hattara da wata dabara da ke yawo a takardun darasi: a raba abin da aka samu da abin tsammani, a ciro s da t daga nan, a sa su a ƙa'idar sama. Gwada da lambobinmu za ka samu s 0.108, t 0.856, amsa kuma 0.112, wato q ɗin da ka fara da shi. Ba gano wani abu ka yi ba. Lissafin ne ya zaga ya dawo inda ya tashi, domin tun farko ya ɗauka cewa kason ba ya motsi.

8. Auna sauyi tsakanin zuriya

Samfuri ɗaya ba ya nuna sauyi, sai biyu. Hanya mafi sauƙi ita ce jinin cibiya na jarirai a ɗakin haihuwa, a kwatanta da manya na gari ɗaya, ko kuma a sake binciken da aka yi a baya da irin iyakar da aka yanke a mataki na 1. Ga jarirai sai HPLC ko katin da himogulobin F ba ya ruɗa shi. Lissafa q da tazararsa ga kowane rukuni. Idan jarirai sun ba da 0.120, manya 0.112, kuma kowanne yana da tazarar 0.02 sama da ƙasa, ba ka nuna komai ba tukuna.

Yana da kyau ka san girman abin da kake nema. A ce zazzaɓin cizon sauro ya ƙare ƙaƙaf yau, kuma babu mai SS da ke haihuwa. Kason zuriya mai zuwa zai zama q ÷ (1 + q), wato daga 0.112 zuwa 0.101. Kafin ya ragu da rabi sai an yi zuriya kusan 9, sama da shekara 200 idan an ƙiyasta zuriya da shekara 25. Wannan shi ne iyakar saurinsa. Inda masu SS ke samun fenisilin da rigakafi da maganin haidiroksiyuriya suna girma suna haihuwa, saukar ta fi haka jinkiri nesa ba kusa ba.

Yanzu kwatanta da ƙaura. Garin da q ɗinsa 0.112 ne, baƙi masu q na 0.05 suka zama kashi 20 cikin 100 na mazaunansa: 0.8 × 0.112 a tara da 0.2 × 0.05 ya ba da 0.100. Abin da zaɓin yanayi mafi tsanani zai yi a shekara 25, motocin 'yan gudun hijira sun yi shi a wata ɗaya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 miliyoyin mutane sun bar gidajensu, garuruwa irin su Gadarif da Kasala sun karɓi jama'a masu yawa. Duk wanda ya kwatanta lambar bana da ta kafin yaƙi bai ware masu garin haihuwa daban ba, ƙaura ya auna, ko da ya rubuta wani suna a kanta.

A ƙananan ƙauyuka akwai kuma rawar sa'a. Inda masu haihuwa ba su wuce 50 ba, kason 0.11 yana iya gocewa da kusan 0.03 sama ko ƙasa a zuriya ɗaya ba tare da wani dalili ba, sai dai wane ya haifi goma wane bai haifa ba. Garin da iyalai ƙalilan suka kafa, kamar yawancin zangunan da mahajjata daga ƙasar Hausa suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, yana iya bambanta da Sakkwato ko Kano tun ranar kafuwarsa, gwargwadon abin da waɗancan iyalai suka zo da shi a jininsu.

9. Rubuta rahoto, mayar wa mutane sakamako

A teburin rahotonka sa ainihin adadin kowane jinsi, ba kashi cikin ɗari kaɗai ba, domin mai karatu ya iya sake lissafin da kansa. Faɗi hanyar gwaji, shekarun mutanen, yadda aka zaɓe su, da nawa aka cire da dalilin cirewa.

Kowane mutum a ba shi sakamakonsa shi kaɗai, a rufe. Mai AS a gaya masa ba mara lafiya ba ne, amma idan ya auri mai AS, kowane ciki yana da damar 1 cikin 4 ta zama SS, kuma cikin da ya gabata ba ya rage wa na gaba komai. Wanda aka gano yana da SS ko SC a haɗa shi da likita da takardar turawa a hannunsa, a rubuta sunan cutar yadda ma'aikatan asibitocin Sudan suka san ta, animiya manjaliyya.